Lenora Spybuck, Mai Bin Gida-Gida Neman Dutse

Kullum da safe Lenora Spybuck za ta buɗe tsohon cocin dutse na Metodis, ta share ƙofa, ta zaga maƙabarta da sandarta. Ganyen tabar da 'yan uwanta 'yan ƙabilar Wayandot suka ajiye a kan kabari ba ta taɓawa. Shekara talatin da wani abu ke nan. Yanzu ido ya gaza, za ta koma Oklahoma, can inda danginta suka ƙare bayan an kore su daga nan Ohio, an raba su da cocin da suka gina.

Kabarin kakar kakarta ne ya dawo da ita Ohio. Ta tarar da duwatsun kaburbura duk a guntule, ba a gane na wane da wane. Ashe mutanen garinmu, tun zamanin iyayenmu, in sun fito yawon Lahadi sai su sa guduma su ɓalli yanki, wai abin tunawa. Sunan mamaci fa, a kan kantar ɗaki kusa da hoton biki!

Ba ta kira ɗan sanda ba. Bokiti ta ɗauka ta riƙa bin gidaje. Wasu suka miƙo suna sunne kai, wasu suka ce dutse ai dutse ne. Homer magini, mai liƙa mata gutsattsarin, ya ce ya sha ganin ta fito daga gidan da aka zage ta, ta ƙwanƙwasa na gaba. Kaburbura da yawa sun sami sunansu. Na kakar kakarta shiru.

Sai ranar walimar sallamarta, a gidan dattijo Wendell, shugaban mawaƙan coci. Tana shiga sandarta ta bugi dutsen da aka tokare ƙofa da shi. Ta durƙusa, ta juya shi, yatsunta suka bi haruffan.

"Wendell, tun yaushe wannan yake nan?"

"Tun babana, 'yar uwa. Ƙofar ce ba ta tsayuwa."

"To nemi wani. Kakata ta gaji da riƙe maka ƙofa."

Wanne ne cikinmu bai taɓa ture dutsen nan da takalmi ba?

Ke ce mai haƙurin da ya fi zagi zafi, Lenora. Mun gode, kuma da kunya muke godiyar. Ku kuwa mutanen gari, kada ku jira makauniya ta zo muku. Yau kowa ya juya dutsen ƙofarsa ya duba.