Sunan da Kawu Yake Amsawa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara ashirin da wani abu yana amsa sunan da ba nasa ba. Kowa a gidanmu na unguwar Nima ya san haka, ba kuma wanda ya ɗauke shi abin magana.

Yayansa ne ya fara zuwa Ankara, babban birninmu na bakin teku, daga arewa, ya samu aikin lebura cikin masu haƙa kwata da gyaran hanya na hukuma. Aka rubuta sunansa a littafi, aka ba shi lambar tagulla. Da ciwon ƙirji ya kama shi zai koma gida, sai ya miƙa wa ƙanensa lambar, ya ce ya riƙe masa wurin kafin ya dawo. Bai dawo ba, can ya rasu. Heluma, shugaban leburorin, mutumin garinsu ne, ya ce a bar abin haka. Tun daga ranar, kowace safiya in an kira sunan mamacin, Kawu ne ke ɗaga hannu. A hankali har abokan aikinsa suka manta yana da wani suna.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru gwiwoyinsa suka gaza, ba ya iya fitowa daga rami sai an jawo shi. Aka ce ya huta. Aka kuma ce waɗanda suka daɗe a aiki hukuma za ta ba su kuɗin sallama. Ba shi da gona, ba shi da ɗa, matarsa ta riga shi rasuwa. Wannan kuɗin ne kaɗai a gabansa, da shi yake son ya kafa teburin goro ya ci da kansa.

Lokacin ina ɗinki a unguwar Maamobi, da mata da 'ya'ya biyu. Na yi aji shida, don haka duk takardar da ta shigo gidan ni ake kawo wa. Kawu ya zo shago da hantsi, ya ajiye takardar neman kuɗin sallamar a kan keken ɗinki.

"Akawu, tsayar da ƙafar nan ka cika mini."

"Wane suna zan sa, Kawu?"

"Wanda ke kan lambar mana. Wanda suka sani."

"Amma a ƙasa an rubuta cewa duk wanda ya faɗi ƙarya za a kai shi kotu."

"Ƙaryar me? Gwiwar wa ta lalace, tawa ko ta mamaci?"

Ya yi dariya ya tafi. Ni ban yi ba. Ni mutum ne da in na yanka yadi sai na sake aunawa sau uku, na kuma kwana ina zargin awon. Takardar ta yi kwana huɗu a ƙarƙashin yadikan mutane. Ina ciro ta ina karanta layin nan na ƙasa. Ina ganin ɗan sanda ya riƙe Kawu a gaban masallaci. Ina kuma tuna mamacin ya bar 'ya mace a arewa: in kuɗi ya fito da sunan ubanta, ba haƙƙin marainiya muka ci ba? Kuma da hannuna?

A rana ta biyar na samu abin da na ɗauka mafita ce. Na cika takardar da sunan da Kawu ya ce. Sannan na yagi fallen littafin awo na rubuta bayani da iyakar Turancina: mai wannan suna ya rasu tuntuni, ƙanensa ne ya yi aikin duk shekarun nan ba fashi, muna roƙo a duba. Na maƙala shi a baya da allurar ɗinki. Ban gaya wa Kawu ba. Na ce a raina, in suka ga ba mu ɓoye komai ba, za su tausaya. Na kai ofis na miƙa, na dawo da sanyin zuciya irin wanda na daɗe ban ji ba.

Bayan wata guda aka kira mu. Kawu ya sa rigar Juma'a. Akawun da muka tarar dattijo ne, mutumin bakin teku, yana jin Hausar kasuwa. Ya juya takardar, na hango allurata har ta fara tsatsa.

"Wa ya rubuta wannan?"

Na ce ni ne.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya rage murya. "Abokina, rabin littafin nan haka yake. Kowa ya sani, ba mai tambaya. Da ni na fara gani, da na cire na jefar. Amma babbanmu ya gani, ya buga hatimi."

"Me yake cewa?" in ji Kawu.

Akawun ya juya gare shi. "Baba, wanda muka ɗauka aiki ya mutu, ga shi a rubuce. Kai kuma ba mu taɓa ɗaukar ka ba."

Kawu ya ciro lambar ya ajiye a kan tebur. Ya buɗe tafukansa biyu ya ajiye kusa da ita, duk kanta, yatsun ba sa miƙewa. Akawun ya kau da kai.

Mun koma ofishin nan ban san sau nawa ba. Heluman da ya san asalin maganar ya rasu. Abokan aikin da za su yi shaida suka noƙe, don da yawansu su ma sunan wani suke amsawa, kuma takardata ta sa an fara duba littafin. Biyu daga cikinsu sun daina amsa sallamata har suka bar duniya.

Sau ɗaya Kawu ya tambaye ni abin da na rubuta. Na fassara masa kalma kalma. Ya gyaɗa kai.

"Duk gaskiya ne. Turancinka ya fita, akawu."

Bai ƙara ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Teburin goro bai kafu ba. Ya koma cin abin da matata ta ɗiba masa daga tukunyarmu, wadda mu ma ba ta isar mu. Ranar Juma'a ya daina zama kusa da ƙofar masallaci, don kada wani ya jefa masa sadaka. Ya yi damina uku a haka, yana zaune a kan benci a tsakar gida yana goge lambar da toka.

Da ya rasu, tsofaffin leburori suka zo jana'iza, wasu da sanda. Liman baƙo ne a unguwar, ya tambayi sunan mamaci. Kafin na buɗe baki, wani tsoho a sahun gaba ya faɗi sunan da ke kan lambar. Liman ya maimaita, aka yi addu'a da shi. Ina tsaye a wurin, na san sunansa na gaskiya, ban gyara ba.

Har yau ina tunanin ko addu'ar ta isa ga wanda aka nufa.