Sabi'u, Wanda Ya Hana Yaranmu Cewa "To"

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sabi'u, Allah ya jiƙansa. A Rogo har yau wasu cewa suke matuƙin jirgi ne, na gaji da gyara musu. Bai taɓa tuƙa ko mota ba. A hasumiyar filin jirgin sama yake zama a Kano, da abin saurare a kunne, yana gaya wa matuƙa wanda zai sauka da wanda zai dakata a sama. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma kunnena bai yar da abin da ya ji daga bakinsa ba.

Idan ya zo hutu, a jigace yake kamar wanda ya yini a gona, alhali a kujera ya yini. Sai ya kashe rediyo ya ce, "Yaya, ki bar ni da kukan kajinki, kaina cike yake da muryoyi." Hawan jini ya kama shi tun bai kai arba'in ba, shi ne kuma ajalinsa.

Abin da ya fi haɗa shi da mutanen gida shi ne aike. Mu dai mun san yaro mai tarbiyya durƙusawa yake ya ce "to", ko ya ji ko bai ji ba. Sabi'u ba ya yarda. Sai ya ce, "Maimaita mini abin da na ce." Wata rana ya aiki ɗan maƙwabta sayo man gyaɗa, yaro ya ce "to", ya dawo da ƙuli-ƙuli. Muka yi ta dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce a wurinsu irin wannan "to" ɗin sai ta haɗa jirgi biyu a hanya ɗaya.

Yanzu samarin Ƙaraye da Rogo da dama suna sha'awar irin aikin Sabi'u. Da yana raye ya ga makarantu yau a buɗe gobe a rufe, na san zai riƙe kai. Amma shawararsa ba za ta sake ba: ku riƙe lissafi da Turanci, ku koyi gajeriyar magana, ku ba barci haƙƙinsa. Wanda kuma yake jin kunyar ce wa babba "ban ji ba", ya nemi wata sana'a tun da wuri.

Abin da ya sa na tuno duk wannan, ɗansa Auwalu da na riƙa tun yana ƙarami ya kusa gama sakandare, kuma aikin ubansa yake so. Ya ce ba zai nema ba sai da yardata. Na yi ta ja masa rai, domin ni na ga yadda aka kawo gawar Sabi'u gida, ba na son in sake gani.

Ran Juma'ar da ta wuce ya zo ya durƙusa ina tsince wake. Na gaji da gardama da zuciyata. Ban ɗago ba, na faɗi abin da zan faɗa can ƙasa-ƙasa, yadda ko gobe zan iya cewa ba haka na ce ba. Na zaci zai ce "to" ya tashi.

Sai ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ban ji ba. Ki maimaita."

Sabi'u bai bar wa ɗansa gādon gida ba, bai bar masa gona ba. Abin da ya bari ke nan. Na ajiye faifan, na dubi yaron nan, na ɗaga murya na ce, "Na yarda. Ka je, Allah ya tsare."