Yadda Hure ta binciki mai wayarin

A Gummi an wayi gari ana cewa Hure mai turara shinkafa za ta yi aure, kuma wai angon yaro ne da ko gemu bai gama tarawa ba, Lukman mai wayarin. Wasu sun rantse sun ga lefe a bayan amalanke. Wata ta ce har an sa rana.

To, a kwantar da hankali. Hure ta aurar da ɗiya, ta yi jikoki, haƙoranta na gaba sun yi ritaya tun kafin mijinta ya rasu. Abin da ya faru shi ne ta aika a tambayo mata asalin Lukman, wa ya koya masa aiki, gidan wa ya taɓa yi, kamar yadda ake wa mai neman aure. Mutanen gari kuwa ba su taɓa ganin an yi wa mai gyaran wuta haka ba, sai suka ƙarasa labarin da kansu.

Tana da dalili. Shekarun baya wani mai jaka da filaya ya ja mata wuta, ya haɗa wayoyi ya naɗe da ledar burodi. Ran da wuta ta dawo da ƙarfi, da azahar tsaka, ɗakin ajiyarta ya kama. Shinkafar kaka guda ta tafi, har unguwa ta yi mako tana warin ƙanzo. Yanzu ta gina sabon ɗaki tana neman mai ja masa wuta, kuma a ciki jikokinta za su riƙa kwana.

Taubashinta Ɗanmusa, wanda ake zargin shi ya fara baza zancen auren, shi ya kawo mata Lukman, ɗan abokinsa.

"Ina lasin naka?" in ji Hure.

"Yana wurin maigidana a Gusau, Inna."

"Kai kana nan, lasin yana Gusau? Shi za shi hau tsani?"

Ta sa aka buga wa maigidan waya. Mutumin ya daɗe yana lalubar sunan, sannan ya ce ya tuna wani Lukman da ya riƙe masa tsani damina ɗaya. Hure ta huce ta hanci, huci irin wanda ke kashe murhu. Duk da haka ba ta yanke hukunci ba. Ta yafa gyale ta bi gidajen da ya yi wa aiki, tana shinshina soket kamar mai sayen daddawa, tana shiga wurin mata, don ta ce maza kunyar faɗin an cuce su suke ji.

A gidan wata Saratu ta ga abin da ya tayar mata da rai. An yi ruwa da safe, sai ga matar gida tana tura ƙofar ƙarfe da silifas, yara kuma suna raɓawa gefe kamar masu wuce kare.

"Tun da wanga yaro ya yi muna aiki, in an yi ruwa ƙofar cizo takai," in ji Saratu. "Mun saba."

"Kun saba? Da mi kuka saba, da lahira?"

Ta aika aka kira Lukman. Ta nuna masa ƙofar ta ce ya cire takalmi ya buɗe mata ita da tafin hannunsa. Lukman ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa jiƙe, ya fara naɗe hannu da bakin riga. Hure ta juya gida tana faɗa ita kaɗai, wai mutum ya kasa taɓa aikinsa amma yana so jikokinta su kwana a ciki. Sabon ɗakin yana nan da fitilar caji, sai an samo mai lasin a hannu da gidajen da za a je a gani.

Da la'asar Ɗanmusa ya leƙo tana juya shinkafa a tabarma.

"Amarya, ashe an fasa? Ni da na ɗinka sabuwar riga."

Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Miji in ya lalace, alƙali na raba ku. In wuta ta riƙe mini jika, wa za ya raba? Ɗauki Lukman ɗin ka kai shi gidanka ya ja maka waya, ka kwana ciki damina guda. In ka fito da gemunka, sa rigar ka zo, ni da kaina zan aure shi."