Ɗinki Biyu da Zaren Buhu

Ban taɓa taka Abuja ba sai da na haura arba'in, kuma da za a bi ta tawa, da har yau ban je ba. Ɗan kawuna ne ya ja ni. Abokin wasana ne, tare muka yi kiwon awaki a ƙauyenmu na bayan Makoda. Shi Allah ya kai shi Abuja ya zama ɗan canji, har ya ajiye tumbi, ni kuwa ina nan inda aka binne cibiyata, ina noman gyaɗa da dawa. Bayan an gama girbi ya bugo mini waya, ya ce wani kamfanin gine-gine zai tashi, ranar Lahadi za su yi gwanjon injinan ban ruwa da araha, amma kuɗi hannu.

"Ka taho tun Juma'a, ɗan ƙauye," in ji shi, "in wanke maka ido, ka ci abin da ba tuwo ba."

Muna da 'yar fadama ta gado, duk rani tana kwance don rashin inji, ni kuma ina cin rani a birni ina dakon kaya. Kuɗin injin ba nawa ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Na mai ɗakina ne. Shekara uku tana suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, yatsunta duk tabon ƙuna, ta kuma sayar da ragunanta biyu ta haɗa. Ta ce in sayo injin mu noma albasa da tumatir, in daina barin ta da yara wata huɗu.

Akwai kuma wani abu da dole in faɗa, ko da ba daɗi. Ina saurayi na yi karta. A gindin wata tsamiya bayan kasuwa muke zama, kuma a nan aka cinye mini keken mahaifina. Baba bai dake ni ba, bai ma zage ni ba. Sai kawai ya koma tafiya kasuwa a ƙasa, shekara biyu, ina kallonsa yana fita da sandarsa. Na rantse na bari, na kuma bari ɗin. Daga baya na yi aure, mai ɗakina ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, har na sa a raina ba ta sani ba. Ka ji wauta! A garin da in ka yi atishawa a zaurenka maƙwabci uku za su amsa maka.

Ranar Alhamis da la'asar ta ce in kawo gajeren wandon da zan saka a ciki. Ta naɗe kuɗin a wani ƙyallen tsohuwar atamfarta, ta mayar da shi kamar lalita, ta ɗauko basilla da zaren da muke ɗinke buhun gyaɗa, ta ɗinke bakin ƙyallen, ta kuma ɗinke shi a ƙugun wandon. Ta gama layi ɗaya, na miƙa hannu, sai na ga ta sake zura zare ta koma farko.

Na ce, "Haba, buhun gyaɗa ma sau ɗaya ake bi."

Ta ce, "Malam, hanya ce." Ba ta ɗago kai ba.

Na isa ranar Juma'a da yamma, ƙuguna ya yi gumi har ya fara ƙaiƙayi. Washegari ɗan kawuna ya cika alkawari. Ya ara mini babbar riga, ya sa ni a motarsa, ya kai ni wani otal mai hawa ban san nawa ba. Tun a ƙofa masu gadi suka bi jikina da wata 'yar na'ura, ta yi ƙara a aljihuna. Reza ce, sabuwa a takardarta, wadda na saya don farke ɗinkin ranar gwanjo. Suka karɓe. Na so in yi musu, ɗan kawuna ya taka mini ƙafa, ya ce kada in ba shi kunya a kan rezar naira nawa.

Abinci kam na ci, ba zan yi ƙarya ba. An jera tukwanen ƙarfe sun fi ashirin, ka ɗauki faranti ka zuba da kanka, babu mai hararar ka. Na zuba shinkafa iri uku, na ɗora kaza, na ɗora kifi, na ɗebo wasu jajayen ƙwarin ruwa da ya ce sunansu jatan lande. Ni dai a bakina fara ce da aka manta ba a sa mata yaji ba. Ya yi dariya har ya ƙware. Can gefe wasu na kiɗa da bushe-bushe, wani mai barkwanci ya hau dandamali yana ta zuba Turanci, mutane na faɗuwa da dariya, ni ma ina taya su don kada a gane ni. Wani kuma ya fito yana haɗiye wuta, na ce Allah ya sawwaƙe, wannan ko a bikin wanzamai ban gani ba.

Da cikinmu ya ɗauka, sai ya ce akwai sauran ɗaki ɗaya. Muka sauka ƙasa. Ɗakin ba taga, ba agogo, sanyi kamar cikin randa, fitilu ja da kore suna ta walƙiya. Ban buƙaci a gaya mini ba. Fuskokin mutanen kawai na kalla na gane gindin tsamiya ne aka sa wa kafet. Na ce, "Kai, caca ce wannan. Haram ce, ka sani na sani." Ya ce, "Wa ya ce ka yi? Kallo za ka yi, malamin ƙauye."

Teburin da ya zauna yana da wani faifai da ake juyawa, a jefa 'yar ƙwallo, ta yi ta tsalle har ta faɗa gidan wata lamba, ja ko baƙa. Ba a ajiye kuɗi, sai wasu 'yan robobi kamar murfin kwalba da ake saya a bakin ƙofa. Na tsaya a bayansa na harɗe hannu. Can sai ya turo mini guda biyar ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Kyauta ce, ba kuɗinka ba ne." Shaiɗan ma haka yake fara magana. Na ɗora a kan ja, ja ta fito. Na sake, ta sake fitowa. Wallahi sai na ji wani abu ya tashi daga tafin ƙafata, abin da na ɗauka ya mutu shekara ashirin. Kunnena ya toshe, na daina jin kiɗan. Na ga inji biyu, na ga babur, na ga kaina ina mayar wa mai ɗakina ragunanta da ƙari. Zagaye na uku na tura duka, mai juya faifan ya sa wata 'yar sanda ya share su kamar ɓawon gyaɗa.

Na ce wa ɗan kawuna ya ƙara mini. Ya ce ba a rance a tebur, yana kore sa'a. Sai hannuna ya tafi ƙuguna da kansa. Kaɗan zan cira, in ji zuciyata, in mayar kafin a gane.

Na nufi banɗaki, na kulle ƙofa, na tattare babbar rigar mutane na saƙale a wuya, na sassauta mazagi. Na laluba aljihu, babu reza. Tabɗijam! Na sa farce, farcen ya karye. Na gwada makullin ɗakinmu, zaren ko gezau, zaren buhu ne fa, wanda jaki ke ɗauka har kasuwa bai tsinke ba. Ƙarshe, ni magidanci mai 'ya'ya biyar, na cire wandon na zauna a kan murfin masai ina gutsurar ɗinki da haƙora. Da ƙyar na tsinke ɗinki uku a kusurwa, dasashina har ya yi jini. Na ja, sai na tarar da layi na biyu a ƙarƙashi, ya fi na farkon matsewa. Na yi ashar, Allah ya yafe mini.

Ina cikin haka, ƙyallen a bakina, sai na ji ƙamshin man gyaɗa. Zanen da mai ɗakina take ɗaurawa in za ta yi suya ne, wanki bai fitar da shi ba. Na tsaya. Na ɗago kai na ga kaina a madubin bayan ƙofa, riga a wuya, wando a baki, ido ja. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na tuna Baba da sandarsa. Na daɗe a zaune. Sannan na mayar da wandon, na ɗaure mazagi ƙulli uku, na yi alwala, na fito na tambayi wani mai shara inda ake salla, don ban ma san la'asar ta wuce ba.

Da na dawo, ɗan kawuna yana tsaye a bakin ƙofa, har agogon hannunsa an cinye. Cinikin sati guda ya tafi, in ji shi, da kuɗin wani da aka ba shi ajiya. Har muka isa gida bai ce mini ɗan ƙauye ba ko sau ɗaya. Na tausaya masa, amma ba zan ɓoye ba, duk hanya hannuna na kan ƙuguna ina hamdala. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Lahadi da safe na ari reza wurin wani wanzami, na farke ɗinkin tsaf, na sayi injin. Ranar Litinin ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida da shi, yara suna ta ihu, maƙwabta suka taru ana shafa shi ana sa albarka. Raina fari fes. Na ci tuwon dawa da miyar kuka, na ji ya fi tukwane ashirin ɗin nan.

Da mutane suka watse, mai ɗakina ta ce in ba ta ƙyallenta. Na ce ai tsumma ne, ta ce tana so. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta bi bakinsa da yatsa, inda reza ta yanka sumul, har ta kai kusurwar nan. Zaren a wurin ya tauna, ya yi buzu-buzu, ga ɗan jini ya bushe. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Malam, ashe Abuja ma akwai ɓera."

Na buɗe baki in yi ƙarya, ta ƙi fita. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, tun daga faifan har madubin. Na ce, "Ki yafe mini. Da kin san wanda kika ba ajiya, da ba ki ba ni ba."

Ta ninke ƙyallen ta sa a ƙarƙashin faifan kwanonta. Ta ce, "Na sani mana. Ranar da aka cinye keken Baba ina tallar gyaɗa a gindin tsamiyar nan. Layi ɗaya ya ishi ɓarayin hanya. Na biyun naka ne."

Ta miƙe ta ɗauki kwanon tuwon, ta ce in kwanta da wuri, gobe da asuba za mu kai injin fadama.