Kwanon da yayana ya riƙa kaiwa gidan kaso

Shekarun baya, lokacin da jam'iyyu suka fara yawa a Nijar, ina ɗinki a Sabon Garin Maraɗi. Rigunan kowace jam'iyya nake ɗinkawa, don keke bai san ɗan adawa ba. Yayana kuwa ya ɗauki siyasa da zafi.

Ran wani mitin suka yi faɗa da wani saurayi ɗan ƙauyen Jiratawa, ɗan wata jam'iyyar. Kowa ya fasa wa ɗan'uwansa kai, aka kwashe su tare. A jastis, wato kotu, laifi ɗaya aka karanta musu. Sai dai jam'iyyar yayana ce ke mulki, wani Alhaji kuma ya riga ya je ya gaida alƙali. Yayana ya samu ɗaurin talala, ya koma gida. Ɗan Jiratawa aka ba shi wata shida.

Ni gwanin murna har lemu na saya wa maƙwabta. Mahaifiyata ba ta sha ba. Ta tambayi wa yaron yake da shi a gari, aka ce tsohuwarsa kaɗai, tana can ƙauye, ƙafa ta hana ta tafiya. Kowa ya san ɗan kason da ba a kai wa abinci daga gida yunwa ke cinye shi.

Washegari ta tuƙa tuwo, ta dangwara kwanon gaban yayana. Ya ce mutanensu za su gan shi, a ce ya canza sheƙa.

Ta ce, "Mi ya yi da ba ka yi ba? Alƙali ya sake ka, ni ban sake ka ba. Tashi ka kai mishi."

Haka ya yi ta jigila kullum, yana bin layi a bakin gidan kaso cikin mata. Da farko saurayin maido da kwanon yake yi ko buɗewa babu. Daga baya yunwa ta yi sulhu.

Da saurayin ya cika wata shidansa, ya fito ya tarar damina ta wuce, gonarsa ta zama ciyawa. Wannan tuwo bai iya gyara shi ba, kuma har yau abin yana damuna.

Da mahaifiyata ta rasu, saurayin nan ya zo daga Jiratawa tun kafin a fito da ita. Da aka ɗauki makara, yayana na gaba, shi yana riƙe da ɗaya gefen.