Ragunan Baba da Ɗalibin Nasara

Ko zan manta komai na zaman jami'a, ban da hutun da na kai wani Nasara gidanmu a Gure.

Shekarun fari ne. Jami'armu ta Yamai, sabuwa fil, ta ƙulla musayar ɗalibai da wata ta Turai: su turo nasu bana, mu tura namu baɗi, su ɗauki nauyinsa. Ni aka zaɓa zan tafi, don haka ni aka liƙa wa baƙon. Malaminmu ya ja min kunne, ya ce kada yaron mutane ya koma da ƙorafi.

Shi kuwa Nasaran abin da ya kawo shi ke nan, ya ga yadda makiyaya ke rayuwa cikin fari. Na roƙi mahaifina a bar shi ya ci abin da muke ci.

"Dusa kake so in ba baƙo?" in ji Baba. "Abin da aka koya maka a lakwal ɗin ke nan?"

Ranar aka kayar da rago. Da naman ya ƙare aka kayar da wani. Inna ta aro shinkafa a maƙwabta, ƙannena kuma aka hana su leƙowa in yana cin abinci, kada ya ga idonsu a kwano. In ya tambayi labarin dabbobin da suka mutu, Baba ya ce, "Alhamdulillahi, sai godiya." Bawan Allah ya zo ganin yunwa, ya koma wando ya matse shi. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, na ce tafiyata ta tabbata.

Bayan damina malaminmu ya kira ni ofis, ya kasa haɗa ido da ni. Wai baƙo ya yabe mu ƙwarai, ya shaida wa jami'arsu gidanmu kullum nama ake ci. Saboda haka sun ga ɗan masu hali irina ba ya bukatar tallafi. Suna maraba da ni, amma in biya jirgi da kaina. Har shawara suka bayar: mahaifina ya sayar da 'yan raguna.

Ragunan da ke cikin tumbin ɗansu! Na yi dariya har hawaye suka zubo, na takaici.

Turai dai ban je ba. Amma tun daga ranar na gane, in ka rufa wa kanka asiri a gaban mai niyyar taimakonka, zai yarda da kai, ya wuce abinsa.