Waƙar da Goggo Ubaldina ta hana

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu cikin shekara arba'in ɗin nan, hannun Goggo Ubaldina ne ya fara taɓa shi. Ƙanwar mahaifina ce, gajera, ga faɗa kamar zakara. In tana wanki a bakin kogin Atrato, wajen wutar tabarta take sawa cikin baki don kada ruwan sama ya kashe mata. Aiki biyu ta riƙe mana: ita ke karɓar haihuwa, ita kuma ke ba da waƙa in jariri ya koma. Mu a nan ba a yi wa jariri kuka. Mala'ika ne, hawaye jiƙa masa fiffike yake yi. Sai a sa masa fararen kaya, a yi ta waƙa da tafi ana miƙa shi hannu zuwa hannu, har ya gane hanyarsa.

Da cikin Yurany, matar ɗana Evaristo, ya kai wata huɗu, Goggo ta shafa shi ta ce, "Biyu ne. Evaristo, ashe ba a banza kake cin ayaba bakwai da safe ba."

Ta tura su asibitin Quibdó, tafiyar awa huɗu a kwalekwale mai inji. Likita ta yi hoton cikin ta ce tagwaye ne mata, masu kama ɗaya, kuma mabiyiya guda suke sha, jijiyoyin jininsu a haɗe. Irin wannan ciki ba a sakaci da shi, duk sati biyu sai an dawo awo. Goggo ta yi tsaki, ta ce ta karɓi tagwaye sau tara ba tare da talabijin ba. Duk da haka ita ce ke zuwa ta buga ƙofa ranar tafiya.

Laifin da aka yi nawa ne, ba na ɓoyewa. A wata na biyar aka kira Goggo wani ƙauye can saman kogi, ta yi kwana goma. Cikin kwanakin nan cikin Yurany ya tashi lokaci guda, yana sheƙi, ko numfashi da ƙyar take yi. Mu kuwa mata muka hau murna, wai yara suna ƙiba. Ga kogi ya cika, ga yankan shinkafa. Ni da bakina na ce a bar awon wannan satin, mai lafiya me zai kai ta asibiti? Na dafa mata kifi da madarar kwakwa ina ɗura mata.

Goggo na dawowa ta ƙwanƙwasa cikin da yatsa biyu, ta juyo kaina.

"Nicolasa, shekara hamsin kina cin abinci a banza. Wannan yara ne? Ruwa ne! Maza a tayar da inji."

A Quibdó likita ta ce jinin ɗaya yana tsiyayewa zuwa jikin ɗayar. Babbar ta kumbura, zuciyarta na wahala, ƙaramar kuma ta matse a gefe ba ruwa. Aka ɗauki Yurany a jirgin sama zuwa Medellín, aka zura wani siririn abu mai haske cikin mahaifa aka ƙone jijiyoyin da suka haɗa su. Kwana uku bayan aikin, zuciyar ƙaramar ta tsaya.

Ba a iya fitar da ita. In an taɓa, babbar ma za ta fito, kuma ba ta yi ƙwarin da za ta rayu ba. Haka Yurany ta dawo Quibdó, ta zauna a ɗakin wata 'yar'uwarmu kusa da asibiti, mai rai da gawa a ciki ɗaya. Sau biyu a sati ana duba bugun zuciyar da jinin da ke zuwa kan yarinyar. Na taɓa tambayarta yadda take ji, ta ce, "Mama, in ta motsa ban san ko 'yar'uwarta take tashi ba." Ban sake tambaya ba.

A ƙauye mata suka taru a ƙofar Goggo, wai a yi wa ƙaramar waƙa ko ba gawa, kada ta yi ta yawo ba hanya. Goggo ta cire tabar daga bakinta.

"Ba mai buɗe baki. Kun manta kwance suke gefe da gefe? Ku nuna wa ɗaya hanya, ɗayar ta ji ta bi ta? Duk wadda na ji ta ɗaga murya, ita da karɓar haihuwar 'ya'yanta."

Sati goma aka yi haka, ko a wajen wanki ba mai rera komai. Sannan aka yi wa Yurany aiki. Babbar ta fito da rai, kilo ɗaya da rabi, aka sa ta a kwalba. Muka sa mata Marleny. Ƙaramar ta shafe kamar busasshen ganye. Goggo ce ta riƙo ta a cinya cikin ɗan akwati har gida, aka binne ta da rana tsaka, shiru, don Marleny na tsakanin rai da mutuwa. Ita ce jaririyar farko da aka binne a ƙauyenmu ba waƙa. Tun da ba a yi waƙar ba, ba abin da ya hana Yurany kuka, kuma ta yi shi har ta rame.

Duk sanda aka tuna wa Goggo maganar waƙar, sai ta ce, "Bari yarinyar ta ƙara ƙwari." Marleny ta yi ta fama da ƙirji, ƙafarta ta hagu kuma tana ja. Sai da ta shekara biyu da rabi ta fara takawa.

Wata Lahadi bayan coci Yurany ta je da kanta ta durƙusa.

"Goggo, ki sallame mini ƙaramar. Kullum ina ganinta a tsaye a bakin ruwa, ba wanda ya gaya mata inda za ta."

Goggo ta ce a kira matan gari. Muka taru a tsakar gida, aka shimfiɗa farin ƙyalle da furanni a kan tebur. Aka ba ni Marleny na kai ta wani gida can ƙarshen gari, inda muke zaton ba za ta ji ba. Amma muryar Goggo ba ta san nisa ba. Tana ɗaga baitin farko, yarinyar ta saki rogon da ke hannunta, ta zame daga cinyata, ta nufi ƙofa tana jan ƙafa. Na bi ta, na kasa riƙe ta.

Ta ratsa matan nan, ta je ta dafa teburin, ta ɗaga kai tana kallon Goggo, da fuskar nan da su biyu suka zo da ita.

Goggo ta haɗiye sauran baitin. Ta sunkuya ta ɗauke ta, ta ƙanƙame ta a ƙirji, ta dubi Yurany.

"Ki yafe mini, 'yata. Waccan sai dai ta jira. Ku naɗe ƙyallen nan."